RANA GUDA A TSAKIYAR TEKU

 

A wannan karo filinmu zai ɗan yi nisa da gida, domin za mu leƙa inda babu ƙasa ko ta sa ƙafa. Manyan jiragen ruwa na yawon buɗe ido, irin waɗanda samarinmu suke ta kallon hotunansu a wayar hannu, sukan ba kowane fasinja takardar tsarin tafiya, a gaban kowace rana an rubuta sunan garin da za a yada zango. To amma akwai ranakun da ba a rubuta sunan kowane gari ba, sai dai a ce yau ana teku. Babu tasha, babu kasuwa, babu sauka. Ruwa gaba, ruwa baya. Ita wannan rana ce muke so mu bi tun daga asuba har dare, domin a cikinta ne ake gane abin da yake riƙe da jirgi. Ba girmansa ba ne, ba kuma adonsa ba. Tsari ne, da gumin waɗansu bayin Allah da fasinja bai cika ganinsu ba.

Wataƙila wani ya ce, ina ruwan mutumin Figil da teku, shi da bai san wani ruwa ba sai na Mayo Luti, wanda da rani yashi ne zalla? To, a yi haƙuri a duba taswira. Ruwan da ya wuce mu da damina yakan faɗa Mayo Kebbi, Mayo Kebbi ya faɗa Binuwai kafin a kai Garwa, Binuwai ya ratsa ta Yola da Makurɗi ya haɗu da Kwara a Lakwaja, Kwara kuwa ta kai shi teku. Ban da wannan, iyayenmu sun yi irin wannan tafiya, 'ya'yanmu kuma suna marmarinta. Ashe ke nan da ruwanmu.

BAHAUSHE BA BAƘON JIRGI BA NE

A 1921 Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya shiga jirgin ruwa a Ikko ya tafi Ingila, daga can kuma ya zarce aikin Hajji. A 1943, ana tsakiyar yaƙin duniya na biyu, Malam Abubakar Imam, editan Gaskiya Ta Fi Kwabo, ya bi wannan hanya tare da waɗansu 'yan jaridun Afirka ta Yamma, da ya dawo ya rubuta littafinsa mai suna Tafiya Mabuɗin Ilmi. A wannan shekara da wadda ta bi mata, dubban sojoji waɗanda Hausa ce harshen barikinsu sun yi makonni a kan teku kafin su sauka Indiya, a kan hanyarsu ta zuwa yaƙin Bama. Bayan yaƙi, ɗaliban ƙasarmu masu zuwa karatu Faransa daga Duwala suke tashi, cikin jirage irin su Général Mangin da Jean Mermoz, su yi ta bin gaɓa ta Kwatano da Abijan da Dakar har Marsai. 'Yan'uwanmu na Nijeriya kuwa jirgin Aureol suke shiga daga Apapa zuwa Libaful, tafiyar wajen mako biyu. Sa'an nan ga alhazan ƙasa, waɗanda suke bi ta Fallomi, wato Injamena ta yau, su ratsa Abeshe da Fashir da Hartum, su je su tsallake Bahar Maliya daga Sawakin ko Bur Sudan zuwa Jidda.

Jirgin sama ne ya kashe wannan kasuwa. Aureol ya yi zuwansa na ƙarshe Ikko a 1974. Shi kuwa Jean Mermoz, a 1970 aka yi masa gyara aka mai da shi jirgin yawon shaƙatawa, aka gajarta sunansa ya koma Mermoz. Wato jirgin da a da ake shiga don a isa wani wuri, sai ya koma wanda ake shiga don zaman cikinsa kurum.

Shi irin wannan yawo ya daɗe. Tun a 1922 jirgin Laconia ya ɗebi masu kuɗi ya kewaya duniya da su cikin kwana 130. A zamanin nan, jirgin Queen Mary 2 na kamfanin Cunard, wanda ya fara aiki a 2004, tsawonsa mita 345 ne, yana ɗaukar fasinja wajen 2,600 da ma'aikata wajen 1,250. Idan ya tashi daga Ingila zuwa birnin Niyok na Amurka yakan kwana bakwai bai tsaya ko'ina ba, idan kuma ya fita doguwar tafiyarsa ta farkon shekara yakan haura kwana 100. Wani jirgin ma, Serenade of the Seas, ya tashi a Disamba 2023 bai gama yawonsa ba sai a Satumba 2024, kwana 274 cur. A irin wannan tafiya ranakun teku ba kaɗan ba ne. To, yaya ake cin su?

ASUBA

Jirgi ba ya barci. A can sama, a ɗakin tuƙi, an raba yini da dare kashi-kashi na awa huɗu-huɗu: masu gadin sha biyu zuwa huɗu, da na huɗu zuwa takwas, da na takwas zuwa sha biyu, kowane rukuni ya yi sau biyu a rana. Wanda ya zo karɓar aiki ba ya karɓa sai an gaya masa inda jirgi yake, da inda ya dosa, da saurinsa, da yanayin iska, da jiragen da suke kusa, kuma wanda zai sauka ba ya tafiya sai ya tabbata na bayansa ya fahimta. Komai aka yi sai an rubuta a littafin jirgi. A ƙasa, ɗakin inji ma haka yake.

Kafin alfijir ya keto masu gasa burodi sun daɗe da kunna tanda, domin burodin da dubban mutane za su karya da shi a nan cikin jirgi ake yinsa. Masu shara suna wanke dandali da mesa, suna goge gishirin da iska ta watsa wa ƙarafa da tagogi, saboda gishiri da tsatsa su ne maƙiyan jirgi na kullum. Fasinja zai farka ya tarar da komai fes, ya zaci haka ya kwana.

Ga Musulmi kuwa, asubar teku tana da nata darasi. Mu a nan mun saba, idan muka ce gabas muna nufin alƙibla, har kalmomin biyu suka zama kamar ɗaya a bakinmu. Amma sojojin da suka doshi Bambai ta Indiya a 1943, sai da suka juya suka dubi yamma kafin su fuskanci Ka'aba. A teku alƙibla tana sauyawa da tafiya, sai an nemi taimakon kamfas ko an tambayi matuƙa. Malaman fiƙihu sun daɗe da warware wannan: a yi salla a tsaye idan da hali, a juya idan jirgi ya juya, wanda jiri ya hana shi tsayuwa ya zauna, ruwan teku kuma mai tsarki ne, ya halatta a yi alwala da shi. Lokacin salla da na buɗa baki rana ake dubawa a inda ake, ba agogon da aka taho da shi daga gida ba.

HANTSI

Tun da dare ake sa wa kowane ɗaki takardar abubuwan da za a yi gobe, an jera su awa-awa. Masu jirgi sun san cewa mutum dubu biyu da ba su da abin yi, ba su da kuma inda za su, fitina ce kwance. Saboda haka ranar teku ita ce ta fi kowace rana cika da shirye-shirye. Akan gayyato masana su yi lacca kan tarihi ko taurari ko ƙasar da aka dosa. Akwai ajin koyon harsuna, da na zane, da na rawa, da gasar kacici-kacici, da wasan karta. A Queen Mary 2 akwai ɗakin karatu mai dubban littattafai, akwai kuma hanyar katako da ta kewaye jirgin, wadda in mutum ya zagaya ta sau uku ya yi tafiyar kusan kilomita biyu. Da hantsi za a ga tsofaffi sun jeru suna ta zagaye, don kada ƙafa ta mutu.

Ba haka abin yake ga yawancin mutanenmu da suka bi jiragen da ba. Jiragen da suke bin gaɓar Afirka ta Yamma suna da masu ɗaki, suna da kuma masu tikitin fili, waɗanda rabonsu shi ne gurbin shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin tamfol. Mai tikitin fili da guzurinsa yake shiga, kayansa ne matashinsa, maƙwabcinsa ne mai gadinsa idan zai zagaya. Babu wanda ya rubuta masa takardar shirye-shirye, shi ne zai tsara wa kansa yini: mai allo ya ɗauki allonsa, mai ɗinkin hula ya zare allura, 'yan kasuwa su yi ta tambayar juna farashin goro da fata a garuruwan da ke gaba. Da mai ɗakin alfarma da mai tabarma, duk abu ɗaya suka gano: wanda bai raba wa ranarsa aiki ba, ranar ce za ta yi masa nauyi.

TSAKAR RANA

Da ƙarfe sha biyu daidai ake busa ƙahon jirgi, sa'an nan kyaftin ya yi wa jama'a jawabi ta lasifika. Zai faɗi inda ake, da nisan da aka ci tun jiya war haka, da abin da ya rage, da zurfin ruwan da ke ƙarƙashi, da yadda ake sa ran iska za ta kasance. Al'ada ce tsohuwa. Kafin zuwan taurarin ɗan'adam, da tsakar rana ne hafsoshin jirgi suke auna tsayin rana daga bakin ruwa da wata na'ura mai madubai, su haɗa da agogo mai kyau da littafin lissafi, su fitar da inda suke a taswira. Har yanzu ana koya wa matuƙa wannan, domin na'ura tana iya mutuwa, rana kuwa ba ta fashi.

A nan ne muke kira ga 'yan'uwanmu malaman makaranta su karkaɗe kunne, domin ga darasin lissafi da labarin ƙasa a ɓagas. Mil ɗin teku mita 1,852 ne. Jirgin da yake cin mil 20 a awa, a yini da kwana zai ci mil 480, wato kusan kilomita 890. Wannan ya yi daidai da a ce mutum ya tashi daga Garwa a mota zuwa Ngaundare, ya shiga jirgin ƙasa har Yawunde. Duk wannan nisa, fasinja yana zaune yana ganin kamar ba a motsa ba, domin babu itace ko dutsen da zai wuce. Idonsa ma ba ya zuwa da nisa: wanda yake tsaye a bakin teku bai fi kilomita biyar yake hangowa ba, wanda ya hau bene mai tsayin mita 30 ya hango wajen kilomita 20, daga nan ruwa ya lanƙwasa ya ɓace. Wannan ita ce hujjar da yaro zai gani da idonsa cewa duniya a dunƙule take.

Sai kuma batun agogo. Duniya takan juya digiri 360 cikin awa 24, ke nan kowane digiri 15 awa ɗaya ne. Tsakanin Ingila da Niyok akwai bambancin awa biyar. Don haka mai zuwa Amurka sau biyar ake mai da masa agogo baya, ya sami rana mai awa 25, mai dawowa kuma sau biyar ake tura masa gaba, ranarsa ta koma awa 23. Masu ratsa tekun Fasifik kuwa, idan suka tsallake layin da ake sauya kwanan wata suna dosar yamma, sai rana guda ta ɓace musu ɗungum, a kwanta Litinin a tashi Laraba. Kuma agogon da kyaftin ya ce shi ne agogo. Wanda ya ce shi sai na garinsu, to, zai tarar an kwashe abinci.

AZAHAR

Abin mamaki a teku shi ne, ga ruwa iya ganin ido, amma babu na sha. Kowace lita ta ruwan teku tana ɗauke da gishiri wajen giram 35, na Bahar Maliya ma ya fi haka, wanda ya sha kuwa ƙishirwa ce za ta ƙaru. Jiragen da sai sun cika tankunansu a tasha, shi ya sa ake auna wa talakan fasinja ruwa, kowa ya riƙe butarsa kamar ransa. Jiragen yau da kansu suke tace ruwansu, ko dai su dafa na teku da zafin inji su tara tururin, ko kuma su matsa shi da ƙarfi ta cikin wata irin mataci mai hana gishiri wucewa. Duk da haka akwai injiniyan da aikinsa ke nan, ya san abin da aka tace yau da abin da aka kashe. Mu da muke sanin wuyar ruwa a watannin Maris da Afrilu ba ma bukatar a yi mana dogon bayani a kan wannan.

Abinci ma haka. Ba a aiken yaro kasuwa a tsakiyar teku. Tun a tasha mai kula da sito ya lissafa buhun gari nawa, ƙwai nawa, nama da kayan lambu nawa za su kai jirgi tasha ta gaba, an kuma jera su a ɗakunan sanyi yadda mai saurin lalacewa shi ake fara ci. Musulmin da zai yi irin wannan tafiya, tun wajen sayen tikiti ya kamata ya faɗi irin abincin da yake ci, in ba haka ba ya dogara ga kifi da ganye.

A ƙofar kowane ɗakin cin abinci akwai wurin wanke hannu, sau da yawa har da ma'aikacin da yake tuna wa mutane. Kada a ɗauka tsirfa ce. Inda dubban mutane suke cuɗanya a wuri ɗaya, ciwon gudawa da amai yakan bazu kamar wutar daji. Duniya ta ga misali a Fabrairu 2020, lokacin da aka tsare jirgin Diamond Princess a tashar Yokohama ta Japan da mutum 3,711 a ciki, sama da 700 daga cikinsu suka kamu da cutar korona. Rigakafi dai ya fi magani.

LA'ASAR

Da la'asar Turawan Ingila sukan taru shan shayi, ma'aikata da fararen safar hannu suna zuba musu, ana kaɗa musu goge irin nasu. Waɗansu suna kwance a bakin tafkin wanka, waɗansu sun jingina da ƙarfe suna jiran ko Allah zai sa su ga kifi mai tashi ko dabbar ruwa ta ɓullo. Amma kuma a irin wannan lokaci ne halin mutum yake fitowa. A makon farko kowa fara'a yake yi. Idan aka yi wata guda ana ganin fuskoki ɗaya a tebur ɗaya, sai a fara faɗa a kan kujera, ko a kan layin injin wanki, gulma kuma ta kama yawo daga bene zuwa bene. Masu iya magana sun ce zo mu zauna, zo mu saɓa. Bambancin kawai shi ne, a gari idan ka saɓa da mutum kana iya sauya hanya, a jirgi kuwa gobe da safe shi za ka fara gani. Dole a koyi gaisuwa ko da rai a ɓace, a koyi rage murya, a koyi barin abin da bai kai ya kawo ba. Ba banza ba Bahaushe yake cewa jirgi ɗaya ya kwaso mu, idan yana nufin abin da ya sami ɗaya ya sami kowa.

Idan kuma iska ta taso, to, babu babba babu yaro. Jirin teku yana zuwa ne saboda ido yana cewa ɗaki a tsaye yake, cikin kunne kuma yana cewa ana lilo, sai ƙwaƙwalwa ta rikice, ciki ya juya. Maganinsa a fita a sha iska a kafa wa bakin ruwa ido, a zauna a tsakiyar jirgi inda lilo bai da yawa, a rage maiƙo. Akwai ƙaramin asibiti da likita a jirgi, amma babban asibiti yana iya zama tafiyar kwana biyu ko uku.

WAƊANDA BA SU DA RANAR HUTU

Yanzu bari mu sauka ƙasa, inda hotunan wayar hannu ba sa zuwa. Mun ce a Queen Mary 2 akwai ma'aikaci kusan ɗaya ga kowane fasinja biyu. Yawancin masu dafa abinci da wanki da guga da gyaran ɗaki a irin waɗannan jirage daga Filifin da Indunusiya da Indiya suke fitowa. Suna kwana bibbiyu a ƙananan ɗakuna, da yawa ba su da ko taga, suna yin wata shida zuwa tara ba su ga iyalinsu ba, kuma ba su san Asabar ko Lahadi ba. Ranar teku, wadda fasinja yake kira ranar hutu, ita ce ta fi musu wuya, domin babu wanda ya sauka, kowa yana ciki yana neman a yi masa hidima.

Akwai yarjejeniyar da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta zartar a 2006 don kare ma'aikatan jiragen ruwa, ta fara aiki a Agusta 2013. Ta ce lalle a ba ma'aikaci hutun da bai gaza awa 10 ba a kowace awa 24, da awa 77 a mako. Ku yi lissafi: mako awa 168 ne, a cire 77, saura 91. Ku gwada da awa 40 da dokar ƙwadago ta ƙasarmu ta yanka wa ma'aikacin ofis ko na masana'anta a mako.

Ba muna faɗin haka don mu kashe wa samari gwiwa ba ne. Aiki ne na halal, mutane da yawa sun gina gidaje sun ilmantar da ƙannensu da shi. Amma a shige shi da ido buɗe. Ana bukatar Turancin Ingilishi, da takardar likita, da shaidar horo kan kashe gobara da ceton rai a ruwa da taimakon farko. Sa'an nan ita wannan yarjejeniya ta hana dillalan ɗaukar ma'aikata karɓar kuɗi a hannun mai neman aiki a matsayin ladan samo masa gurbi. Saboda haka duk wanda ya aiko wa ɗanka saƙo ta waya cewa ga aiki a jirgin ruwa, a turo sefa kaza a riƙe masa wuri, ka sani ba jirgi zai shiga ba, rami zai faɗa.

DARE

Bayan magariba fasinjoji sukan caɓa ado su tafi cin abinci, daga nan waɗansu su wuce kallon wasa, waɗansu majigi. Wanda ya fi su riba shi ne wanda ya fita waje inda babu fitila ya ɗaga kai, domin zai ga taurari yadda muke ganinsu a ƙauye da sanyin hunturu, kaza da 'ya'yanta da zara duk a fili. A ɗakin tuƙi kuwa an kashe fitilu don ido ya saba da duhu, mai gadi yana tsaye yana duban gaba.

Kwanciyar hankalin da ake barci da ita a jirgi da rayuka aka saye ta. Nutsewar Titanic a 1912, inda mutum wajen 1,500 suka halaka, ita ta haifar da dokar kare rayuka a teku ta 1914. Bayan hatsarin Costa Concordia a gaɓar Italiya a Janairu 2012, wanda ya ci mutum 32, aka tsananta doka cewa a nuna wa fasinja rigar ceto da wurin taruwa kafin jirgi ya tashi, ko da tashinsa nan take. Mu a Afirka muna da namu tabon. Daren 26 ga Satumba 2002 jirgin Joola na ƙasar Sanagal ya kife a gaɓar Gambiya. An gina shi don mutum ƙasa da 600, amma waɗanda hukuma ta ƙidaya sun mutu 1,863 ne. Teku ɗaya ce, abin da ya bambanta shi ne bin ƙa'ida. Wannan kuwa ya shafi mai kwale-kwalen da yake ɗibar mutane a tafkin Lagdo kamar yadda ya shafi kyaftin mai farar riga.

MU DAWO GIDA

Mun ce ruwan Figil yana isa teku. A da ba ruwa kaɗai yake bin wannan hanya ba. Garwa tashar jiragen ruwa ce sosai. Idan Binuwai ya cika, wajen watannin Agusta da Satumba, jiragen kamfanonin UAC da John Holt sukan hauro daga Burutu da Warri, tafiyar wajen kilomita 1,500, su kawo gishiri da siminti da man fetur da yadi, su koma da auduga da gyaɗa. Tafiya ce ta makonni, ana kallon ruwa kamar yadda manomi yake kallon hadari, domin jirgin da ya yi nawa ruwa ya janye, sai ya kafe a kan yashi. Yaƙin basasar Nijeriya na 1967 zuwa 1970 ya toshe hanyar, jirgin ƙasa ya iso Ngaundare a 1974, aka kuma gama madatsar ruwa ta Lagdo a 1982. Daga nan kwata ta yi tsit. Yau idan malami ya gaya wa 'yan aji cewa jirgi daga bakin teku ya sha zuwa Garwa, sai su dube shi kamar mai tatsuniya.

Alhali kuwa a unguwanninmu har yanzu da sauran dattawan da suka yi dako a wannan kwata, da waɗanda suka bi jirgi zuwa Yola ko Lakwaja, da 'yan ƙalilan da suka tsallake Bahar Maliya suna goye a bayan iyayensu ko suna riƙe da hannunsu. Su ne suka san yadda ake raba ruwa, da yadda ake kwana da baƙo kafaɗa da kafaɗa, da abin da ake yi da yinin da ba shi da tasha. Kullum raguwa suke yi, kuma ba a rubuta nasu ba kamar yadda aka rubuta na sarakuna da na editoci.

Don haka muna roƙon ɗalibai da malamai, a hutun da ke tafe kowa ya ɗauki littafi da alƙalami ya je ya durƙusa gaban irin waɗannan dattawa. A ce, Baba, wace shekara ce? Mene ne sunan jirgin? Me kuka ci, a ina kuka kwana, yaya kuka yi salla, kwana nawa kuka yi? A rubuta yadda suka faɗa, a aiko wa wannan fili, mu kuma za mu buga da yardar mai labari.

Allah ya kai matafiya lafiya, na ruwa da na tudu, ya jiƙan waɗanda suka tafi ba su dawo ba.